Baƙuwar da ke zaune a cikin hancinmu

Cikin kowane mutum uku a ajinku, kusan ɗaya yana ɗauke da wata ƙwayar cuta a hancinsa, kuma lafiyarsa ƙalau. Sunanta Staphylococcus aureus. Lafiyayyar fata takan tare ta, don haka jira take yi ta samu kafa: yankan reza, ƙurjin da aka sosa, ko jikin da ciwo ya raunana. Da ta shiga sai maruru ya fito. In ta kai ga jini, tana iya kisa.

A gidan kiwo na tashi, kuma a jikin saniya na fara ganin aikinta. Hantsar wata saniyarmu ta kumbura, nonon ya riƙa fitowa da gudaji. Da aka gwada nonon, malamin dabbobi ya gaya wa Baba cewa hannun mai tatsa ne ke kai ƙwayar daga saniya zuwa saniya. Daga ranar, ba mai taɓa hantsa sai ya wanke hannu da sabulu, kuma marar lafiyar ce ake tatsa a ƙarshe.

Da na je makarantar kwana sai na tarar da ita a ɗakinmu. Tawul ɗaya mutum huɗu, reza ɗaya kowa ya ara. Wanda maruru ya fito wa sai a taru a matse masa, ya sayi kafso biyu a kemis, ya sha, ya daina.

Wannan shan maganin ya fi komai damuna. Wani likitan Sikotilan, Alexander Ogston, ya gano ƙwayar cikin mugunya a 1880. A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a farantin da yake rainon dangin ƙwayar. Amma zuwa 1961 an samu a Ingila irin da ba ya jin maganin metisilin. Duk lokacin da aka sha magani barkatai, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe tawul ɗinka da rezarka kai kaɗai. Ka wanke rauni, ka rufe shi. Kada ka matse maruru, musamman na fuska. In ya zo da zazzaɓi ko jan ya fara yaɗuwa, ka je asibitin makaranta a ranar, ka kuma sha maganin yadda likita ya rubuta.