Jikan Fatake a Bakin Ruwan Makango



Kakanninmu da jakuna suka san Salaga. Madugu yana gaba, ayari yana biye, sun ɗauko kanwa da tufafi daga ƙasar Hausa, su koma da goro. Jaki idan za su saya, sai su buɗe bakinsa su duba haƙori, su ɗaga kofato. Wannan ilimi ne muka gada, amma da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taso ya zama tafkin Volta mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya haɗiye tsohuwar Kete-Krachi, ya shimfiɗu tsakanin Makango da Yeji. Jikan fatake ya wayi gari yana bukatar jirgin ruwa, abin da ba shi da haƙorin da za a duba.

Shekara da shekaru ina riƙe wa Maigida alƙalami, ina tara ɗan abin da Allah ya hore. Da na kwashi adashe, sai na ƙudura sayen jirgi na farko, wanda zai riƙa tsallakar da doya da 'yan kasuwa zuwa Yeji. Ina cikin neman na katako sai ɗan ƙanena, wanda magini ne, ya zo da wata magana. Ya ce, "Baba, bari in gina maka na siminti." Na yi dariya, na ce dutse ne zai yi iyo? Ya nuna mini hotuna a wayarsa, dariyata ta koma tunani.

Ashe abin tsoho ne. Wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya ƙera irinsa tun 1848, kuma a ƙasar Sin an yi dubbansu don dakon kaya a koguna. Akan lanƙwasa rodi a fitar da siffar jirgi, a lulluɓe da ragar waya ninki-ninki, sannan a cusa kwaɓin siminti da yashi har ya ratsa ragar, kaurinsa bai wuce na yatsa biyu ba. Daga nan a yi ta jiƙa shi kusan kwana 28 kafin ya yi ƙwari. Ba ya ruɓewa, ƙwaro ba ya cinsa, wuta ba ta kama shi, kuma kayan aikin duk suna kasuwa. Ga shi itacen wawa da odum sai ƙara tsada suke yi. Zuciyata ta karkata.

Sai na tafi Makango na zauna da wani tsohon matuƙi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini tsakiyar ruwa, inda kawunan matattun itatuwa suke leƙowa. Ya ce, "Malam, dajin da ruwa ya ci yana nan tsaye a ƙasa. Waɗanda kake gani ba su ne abin tsoro ba, sai waɗanda ba ka gani. Jirgin katako in ya daki kututture ya cika da ruwa, sau da yawa gangar jikinsa takan tsaya a sama, mutane su riƙe ta. Naka fa?"

Na rasa amsa. Siminti idan ya huje ya sha ruwa, ƙasa zai nufa da duk abin da ke cikinsa. Da na ƙara bincike, sai na ga wasu aibobin. Yana da nauyi, don haka inji zai fi shan mai. Idan aka bar ɗan kogo a cikin kwaɓin, ruwa zai kai ga ƙarfen, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye, ido ba ya gani sai an bi jikin da guduma ana sauraren amo. Katako kuwa ruɓarsa a fili take, kafinta zai cire allo ya sa wani a bakin ruwa. Ɗan ƙanena gwanin gina ɗaki ne, amma bai taɓa gina abin da zai ɗauki rai a kan ruwa ba, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Na kai maganar gaban Maigida. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron zai ji ba daɗi." Ya ce, "Malam, rashin jin daɗinsa na kwana biyu ne. Matar da ta shiga jirginka da goyo, amana ta ba ka, kuma za a tambaye ka."

Na sayi na katako. Na bi kowane allo da tsinin wuƙa, na sa aka zana layi a jikinsa wanda lodi ba zai nutsar ba, kuma kuɗin da na so in yi fenti da su na sayi rigunan ceto. Shi kuwa yaron, na ba shi siminti buhu biyu ya gwada ɗan ƙaramin kwalekwale a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, Ya jiƙan magabata. Amin.