Mayaƙa Goma Sha Biyu

A hutun ƙarshen shekarar 1995 wani yayanmu ya dawo Suleja daga Legas da na'urar wasa ta Sega, tare da kaset guda ɗaya tak, wato Shining Force, wanda aka fitar a Japan a 1992. Sa'o'inmu sun yi masa kallo ɗaya suka koma ga wasannin dambe da ƙwallo. Mu kuwa abin da ya riƙe mu shi ne kamar da ya yi da dara, wadda muka taso muna kallon dattawa suna yi a bakin kasuwa. Fili ne aka yanka gida-gida, kowane mayaƙi da iyakar takunsa. Maharbi daga nesa yake aiki, mai warkarwa a baya yake fakewa, idan kuwa jarumi Max ya faɗi, an ci mu da yaƙi ke nan, a kuma raba mu da rabin dukiyarmu. Mayaƙa 12 ake shiga fage da su, daidai da yawan 'ya'yan dara a hannun ɗan wasa.

Haƙiƙa a nan wasan ya yi zarra. A dara tsinke tsinke ne, wanda aka cinye ba a yi masa makoki. A nan kuwa kowane ɗa yana da suna da fuska, yana girma a hannunka daga sabon shiga har ya zama gwarzo, saboda haka kafin ka tura shi gaba sai ka yi ta jujjuya lamarin.

Labarinsa dai ba ya da nauyi: mugu Darksol ne ke neman tayar da wani dodo. Abokan gaba ma sau da yawa sukan tsaya ƙiƙam har sai ka matso su. Duk wannan mun yafe. Abin da har yau bai kwanta mana ba shi ne arhar mutuwa a cikinsa. Mayaƙi ya faɗi, ka koma gari, ka biya malamin majami'a 'yan kuɗi, ya tashe shi garau. A Fire Emblem na Nintendo, wanda ya riga shi fitowa a 1990, wanda ya mutu ya tafi. Mu kuma 'yan garin da aka kafa a kan rashi ne. Sarki Makau, da aka fitar daga Zariya, ya faɗi a yaƙin Lapai bai dawo ba, sai ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa wannan gari a 1828.

Ƙanenmu, wanda a lokacin bai wuce shekara tara ba, ya riga mu gane haka. Ranar da aka kashe masa Lowe, mai warkarwa kuma aminin Max, muka nuna masa hanyar majami'a, ya ce shi bai taɓa ganin an saye mamaci ba. Ga kuɗi jingim a jakarsa, amma haka ya ci gaba da yaƙi ba tare da Lowe ba, yana shan kashi, har hutu ya ƙare yayanmu ya tattara na'urarsa ya koma Legas.