Abin da Yara Masu Galahanga Suka Koya Mini a Aji

Makarantar da nake koyarwa tana tsakanin Fagge da Sabon Gari, irin makarantun kuɗi masu sauƙi da ake buɗewa a gidan haya, a raba falo biyu da katako a ce aji biyu ne. 'Ya'yan 'yan tebur na Kantin Kwari muke koyarwa, da na masu shagunan kayan gyaran mota, Hausawa da Igbo da Yarbawa. Takardar NCE ce a hannuna, ban karanci koyar da masu buƙata ta musamman ba. Sai dai yaro mai larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ba ya jira a samo ƙwararre kafin a kawo shi aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ke nan makarantar da ta tara yara 300 da wuya ta rasa biyu ko uku, ko malamai sun gane su ko ba su gane ba. A da mukan ce "ba ya ji", ko "sangarta ce", mu wuce. Yaran ne suka gyara mini koyarwa, kuma sun sha wuya a hannuna kafin in gyaru.

1. Hadda daban, magana daban.

Na farkon da ya buɗe mini ido ɗan shekara 5 ne. Ya haddace izu guda, daga Nasi har Sabbi, da muryar limamin unguwarsu, har inda liman yake gyaran murya shi ma sai ya gyara. Tallan rediyo kuwa ba a magana. Duk baƙon da ya shigo sai in tsayar da shi ya biya, ina ta washe baki, a dole ni na koyar. Amma yaron nan in ƙishirwa ta kama shi bai iya cewa "ruwa" ba, sai dai ya ja hannuna ya ɗora a kan kula. In na ce masa, "Kana son ruwa?" sai ya amsa, "Kana son ruwa?"

Daga baya na karanta cewa Leo Kanner, likitan da ya fara bayanin larurar a 1943 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya ga wannan a cikin yara 11 da ya duba: suna maimaita maganar mutane yadda suka ji ta, suna kiran kansu "kai" maimakon "ni". Tsarinmu na "ku biya bayana" yana ɓoye irin waɗannan yara, domin a hadda su ne ma kan gaba. Sai na daina yi masa tambaya, na koma saka masa jimlar da ta dace da bakinsa. In riƙe kofi in ce, "Ina son ruwa." Ya maimaita, nan take in miƙa masa. Ranar da ya faɗa da kansa ba tare da na fara ba, ba kowa a wurin sai ni da mai shara.

2. Gani ya kori ji.

Ni mace ce mai yawan magana, ga habaici ga zaurance. Umarni ɗaya sai in yi masa jela: tashi ka ɗauko jakarka ka fito da littafin lissafi ka buɗe inda muka tsaya jiya, kuma kar in sake ganin ka a bakin taga. Yaro mai galahanga yana kan fassara "tashi", ni na kai taga. In bai motsa ba sai in sake faɗa da ƙarfi, da wasu kalmomin daban, ya koma farko. Wata rana na ce wa ɗaya, "Kama bakinka!" Sai ya sa hannu biyu ya kama leɓɓansa, ya zauna a haka har aka tashi tara. Aji ya yi ta dariya, shi kuwa umarnina ya bi.

Yanzu kalma biyu ko uku nake faɗa, in nuna abin, sannan in yi shiru ina ƙirga goma a zuci. Shirun nan ya fi komai yi mini wuya.

Ga wanda bai fara magana ba kuwa, akwai hanyar musayar hoto da ake kira PECS, wadda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a jihar Delaware a 1985. Yaro ya miƙa maka hoton abin da yake so, kai ka ba shi abin. A farko mutum biyu ake buƙata: ɗaya a gaba riƙe da biskit, bakinsa a rufe, ɗaya a bayan yaron yana taimaka wa hannunsa ya ɗauki hoton ya miƙa, yana janye taimakon a hankali. Hotunan da na fara cirowa daga intanet ba su yi aiki ba, domin banɗakin da ke jikinsu na zama ne, fari fat, namu kuwa na tsuguno ne da buta. Sai na ɗauki hoton butarmu da kofinmu da tabarmarmu da waya, na kai wani shagon kwamfuta a Sabon Gari aka buga aka sa musu leda, na manna a kwalin taliya da na roƙo a Kasuwar Singa. Iyaye sukan ji tsoron hoto zai sa yaro ya ƙi magana. Binciken masana bai nuna haka ba, ni ma ban gani ba. Abin da na gani shi ne kuka ya ragu, don an sami hanyar roƙo da ta fi shi sauri.

3. Kafin ki ce yarinya ta yi rashin ji, saurari ajinki.

Wanda ya girma a wannan yanki kunnensa ya riga ya mutu. Ga hon ɗin Adaidaita Sahu, ga masu walda, ga janareton maƙwabta, ga lasifikar masallaci da ta coci, ga jirgi ya taso daga filin Malam Aminu Kano ya bi ta kanmu, ga yara 50 suna rera "biyu sau biyu huɗu" a ƙarƙashin kwano. Mu ba ma ji. Wasu yaran masu galahanga kuwa duk suna ji, lokaci guda, ba wanda ya danne wani. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, wadda ita ma da larurar ta tashi, ta sha bayyana yadda ƙararrawar makaranta take yi mata zafi a kunne tana yarinya.

Akwai wata 'yar shekara 6, 'yar wani ɗan kasuwa Igbo, da takan fasa ihu ta ciji bayan hannunta. Shawarar da na samu a ofishin malamai ita ce bulala, kuma na gwada, Allah Ya yafe mini. Abin sai ya ƙaru. Wata ma'aikaciyar jinya, uwar ɗaya daga cikin ɗalibaina, ita ta ce in sami littafi in ja layi uku: me ya faru kafin ihun, me yarinyar ta yi, me muka yi bayan nan. Na ɗauka aikin banza ne. Kafin wata ya ƙare littafin ya faɗa mini abu biyu. Na farko, ihun yana zuwa ne in an ɗauke wuta an tada janareto, ko in aji ya fara karatun baki ɗaya. Na biyun ne ya ba ni kunya: duk sanda ta yi ihu, korar ta nake waje, ta je ƙarƙashin bene inda ba hayaniya. Ashe da hannuna na koya mata cewa ihu ne mabuɗin ƙofa.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Na ɗauke kujerarta daga bangon da janareto yake baya. Na roƙi mai gadi ya riƙa leƙo mu kafin ya ja igiya, in nuna mata hoton janareto, ta toshe kunne. Babanta ya sayo mata abin rufe kunne irin na masu aikin injin. Na shimfiɗa tabarma a kusurwa, na ba ta kati mai hoton tabarmar, duk sanda ta miƙo shi ta je ta huta minti kaɗan ba tare da tambaya ba. Malamai sun ce zan lalata ta, za ta wuni a tabarma. Makon farko kam ta kusa wuni. Daga baya da ta tabbata katin ba ya ƙarya, sai ta rage da kanta.

Kaɗa hannu da jijjiga jiki da wasunsu ke yi kuwa, na daina hanawa muddin ba ciwo za su ji wa kansu ba. Da shi suke kwantar da hankalinsu. Ni ce abin yake damu, ba su ba.

4. Yaron da ya san abin da ke tafe ba ya tsoron ranar.

Ranar Juma'a, da ake tashi da wuri saboda masallaci, ita ce ranar rikici a ajina, haka makon farko na azumi da aka sauya lokutan darasi. Na daɗe ban haɗa biyun ba. Tsarin TEACCH, wanda Eric Schopler ya assasa kuma jihar North Carolina ta karɓa a 1972, a kan wannan ya ginu: yaro ya ga da idonsa aikin me zai yi, nawa ne, yaushe zai ƙare, me ke biye. Na jera hotunan yini a bango daga sama zuwa ƙasa, wanda aka gama yaro ya cire shi ya jefa a gwangwani. Na Juma'a gajere ne, kuma tun ranar Alhamis nake nuna shi.

Malamin Islamiyyar da ke amfani da ajinmu da yamma shi ya ƙara mini wata dabarar, ba tare da ya san sunanta a littafi ba. Alwala yake koya wa wani yaro gaɓa-gaɓa, amma daga ƙarshe yake farawa: ya taimaka masa da komai, ya bar masa wanke ƙafar hagu shi kaɗai, ya ce "Madalla!" In ta zauna, ya bar masa ƙafa biyu. Kullum yaron da nasara yake tashi. Da haka na koyar da sa takalmi, da wanke hannu, da rubuta suna.

5. Ta ƙofar da yaro ya buɗe ake shiga.

Wanda na hana zaman bakin taga, Adaidaita Sahu yake kallo, lambobin jikinsu yake karantawa. Na yi ta yaƙi da tagar, na sha kaye. Da na haƙura na yanka Adaidaita na kwali na rubuta musu lamba, da su ya koyi tarawa da ɗebewa: fasinja uku sun hau a Bata, ɗaya ya sauka a Wapa. Amma kada a ɗauka kowane mai galahanga gwani ne a wani fanni. Wasu suna da kaifin ƙwaƙwalwa, wasu larurar ta haɗu musu da jinkirin fahimta ko farfaɗiya, kuma nasarar shekararsu ita ce su nuna buta kafin su ɓata wando. Ita ma nasara ce, a rubuta ta a katin sakamako.

6. Darasin da bai je gida ba, a makaranta yake kwana.

Waɗannan yara sukan ɗaure abin da suka koya da wurin da suka koye shi. Mai miƙa hoton kofi a aji sai ya je gida ya koma kuka, don ba hoto a can. Dole uwa ta shigo, kuma a gidajenmu uwa ba ta shigowa sai kaka ta yarda. Wata kaka ta zo har aji ta ce mini, "Malama, yaron nan ba na boko ba ne, mutanen ɓoye ne suka taɓa shi." Na buɗe baki na yi mata lacca, ta tafi da jikanta, sai bayan zango guda ya dawo. Da ta sake zuwa na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, mu ma muna yi. Ga wannan katin a haɗa da shi." Ta karɓa. A ƙarshe ita ta fi kowa riƙe katin a gidan.

Uwa kuwa ita ake ɗora wa laifi, a Fagge a ce ta fita da almuru da ciki, a Sabon Gari a ce daga danginta ne. Turawa ma sun yi shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo larurar, kafin bincike ya rushe maganar ya nuna gado yana da babban kaso a ciki. Zancen da ke yawo a WhatsApp cewa allurar rigakafi ce ke jawo larurar kuma daga wata maƙala ta Andrew Wakefield ya samo asali, wadda mujallar Lancet ta buga a 1998 ta kuma janye a 2010, aka soke lasisinsa na likita a Ingila. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya jawo wa Kano bai kamata a sake ruɗar mu ba. Galahanga ba ta da maganin sha da ke warkar da ita. Duk wanda ya ce yana da shi a kwalba, kuɗinku yake so.

Sau da yawa shugabannin makarantu sukan ce wa iyaye, "Ku kai shi Tudun Maliki." Makarantar can an san ta ne da koyar da kurame da makafi, kuma ba za ta ɗauke yaran Kano duka ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba waɗannan yara haƙƙin karatu kamar kowa. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman. Masu makarantu su nemi ɗalibansa, ko da mutum ɗaya ne makarantu uku su haɗa kuɗi su ɗauka. Iyaye kuma, in yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don ku gani, kada a tsaya ga "babansa ma bai yi magana da wuri ba". A fara gwada jinsa, sannan a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana iya gane larurar tun yaro yana shekara 2.