Daren Mai Hular Kwano

Muna yara a Tudun Wadan Zariya ba mai son tsaron raga. In an raba gida biyu, ƙaramin cikinmu ko wanda ƙafarsa ba ta jin magana shi ake turawa tsakanin duwatsu biyu a ce masa gola. Ƙanina ya sha wannan wulaƙanci, har sai da Petr Cech ya ɗaga masa daraja.

Mu dai Cek muke ce masa, aka kuma yi dace sunan ƙasarsa ma haka yake fita a bakinmu. Chelsea ta ɗauko shi daga Rennes ta Faransa a 2004, amma unguwarmu ba ta san shi sosai ba sai a Oktoban 2006, ranar da gwiwar Stephen Hunt na Reading ta same shi a ka, ƙoƙon kansa ya tsage. Bayan wata uku ya dawo da baƙar hula mai ɗauri a haɓa, muka laƙaba masa Mai Hular Kwano. A 2006 ɗin ne Mikel Obi ya koma Chelsea, rabin gari ya bi shi. Ƙanina kuwa golan ya bi. Ya yanka tsohuwar katifa, ya kai wa tela ya ɗinka masa hula, yana gumi a cikinta cikin zafin bazara, Inna na faɗa.

Daren 19 ga Mayu, 2012, muna gidan kallo, janareto na ruri, benci ya cika har da na tsaye. Ni ɗan Arsenal ne, kuma ba zan ɓoye ba, dariya na je yi. Bayern Munich a filinta take wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Chelsea. Muller ya ci a minti na 83, na dafa kafaɗar yaron na ce mu tafi gida. Ya ce, "Yaya, bari a tashi tukuna." Drogba ya farke da ka a minti na 88. A ƙarin lokaci shi Drogban ya kayar da Ribery, aka ba da fenariti. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar inji. Robben ya buga, Cech ya faɗi hagunsa ya danne ƙwallon. Bencinmu ya kife, wani dattijo ya rasa takalminsa ɗaya.

Da aka zo bugun raba gardama ya tare na Olic, na Schweinsteiger ya daki turke, Drogba ya rufe. Jama'a suka fita suna kiran sunan Drogba. Ƙanina shi kaɗai yake rantsuwa cewa gola ne ya ci kofin, kuma har yau ina ganin gaskiyarsa.

Abin dariya, a 2015 Cech ya dawo Arsenal, na koma ina yabon wanda na je yi wa dariya. Ya yi ritaya a 2019, bayan Chelsea ta doke mu 4-1 a Baku. Wasa 202 ya yi a Firimiya ba a zura masa ƙwallo ba, kuma har yanzu ba golan da ya kamo shi.