Mu Da Ke Kwana A Mararaba, Wa Zai Auna Mana Jini?

Mai karatu, in kana cikin dubban mutanen da ke kwana a Mararaba, Ado, Masaka, Suleja ko Madalla, su wayi gari a Abuja wajen neman abinci, to da kai nake magana a wannan mako. Yaushe rabon da a ɗaura maka na'urar awon jini a damtse? Kada ka ƙirga ranar da ka raka uwargida awon ciki, ko ranar da ka riƙe yaro ana yi masa rigakafi. Kai da kanka nake nufi. Ke ma 'yar'uwa mai tuyar ƙosai a bakin titi, tun da kika yaye autanki, an sake auna ki?

Na san amsar mafi yawanmu, domin ni ma a wannan layin nake kwana. Abin mamakin shi ne manyan asibitoci ba su yi mana nisa ba. Asibitin Asokoro kusan kullum muna wuce yankinsa a mota, Asibitin Ƙasa yana tsakiyar birni, na koyarwa yana Gwagwalada. Mutumin ƙauye nisa ne ke hana shi zuwa. Mu kuwa lokaci ne da aljihu. Wanda ke son ya tsallake cunkoson Nyanya da Kugbo dole ya fito ana idar da sallar Asuba, kuma ba zai ga ƙofar gidansa ba sai bayan Isha'i. Ƙaramin asibitin unguwa da safe ake yankar kati a ga ma'aikacin lafiya. Da dare in ka same shi a buɗe, masu naƙuda da masu larurar gaggawa ake jira. Ga birkila, ɗan ga-ruwa ko mai wankin mota, ranar da bai fita ba babu cefane. Saboda haka in zai lissafa kuɗin asibiti, bayan kati da gwaji da magani da kuɗin mota, sai ya ɗora da abin da zai samu a yinin. Wannan na ƙarshen shi ne ba ya cikin lissafin masu tsara mana harkar lafiya.

Shi ya sa mai kemis ya zama likitanmu. Ni ba na cikin masu zaginsa. Yana buɗe har ƙarfe 11 na dare, yana ba da bashi, yana ƙirga maka ƙwaya daidai kuɗin hannunka. Sai dai lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi damar gano cuta ba. A wurinsa kusan duk ciwon kai maleriya ce, in ta ƙi tafiya ta koma taifot. Hawan jini kuwa yakan shekara da shekaru a jikin mutum ba tare da wata alama ba, ciwon suga ma haka yake lallaɓowa.

Akwai wani maƙwabcina mai gadi, bai kai hamsin ba. Ya daɗe yana kukan ƙeyarsa na yi masa nauyi, kullum in ya sauka daga mota sai ya biya kemis ya karɓi na ciwon jiki. Wata rana yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Aka yi karo-karo a masallaci, bai isa ba, ƙaninsa ya sayar da gonar gadonsu a gida. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma aikin gadi ya ƙare, babban ɗansa ya bar makaranta ya kama tura baro. Abin da aka kashe a makonni uku zai iya saya masa maganin hawan jini na shekaru masu yawa, in da an auna shi da wuri.

Za ka ce ai akwai inshorar lafiya. Akwai. Tsarin NHIS ya fara aiki a 2005, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, tunda daga albashi ake lissafa su. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. A 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. Duk sun cancanta. Amma duba jerin da kyau. Magidanci ɗan shekara 40 mai samun na yau da ƙyar, wanda mutum takwas ke ci daga guminsa, ina gurbinsa? Bai kai talaucin da za a rubuta sunansa ba, bai kuma da albashin da za a cira. Ba abin mamaki ba ne da har yau mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Ƙofa dai ba a rufe take ruf ba. NHIA na da tsarin GIFSHIP na masu zaman kansu da ƙungiyoyi, Abuja na da nata tsarin, Jihar Nasarawa da ta Neja kowace da hukumarta. Matsalar ita ce kuɗin shekara ake nema dunƙule, mu kuwa a tsintsinke muke samu. Sannan ga iyaka: kana kwana a wata jiha, kana yini a wata, katin kuma yakan ɗaure ka da asibiti guda da ka zaɓa. Wasu kuma kalmar inshora kanta ke sa su ja da baya saboda addini. A Kano da suka kira abin taimakekeniya, ya fi shiga kunnen jama'a, kuma a gaskiya sunan ya fi dacewa da shi.

Ni a ganina maganin dunƙulen nan yana hannunmu tuntuni. Wace kasuwa ce babu mai adashi? 'Yan Keke da 'yan acaɓa kullum suna yankar tikiti. 'Yan kayan marmari na Zuba da 'yan kasuwar Dei-Dei duk suna da shugabanni da asusu. Naira 100 a kullum, in an yi kwana 300, Naira 30,000 ke nan. Ƙungiya ta tara, ta je a dunƙule ta yi wa mambobinta rajista, ta kuma sami bakin cewa ga asibitin da take so, kusa da tasha ko kasuwa. Mutum ɗaya in an ce masa babu magani sai ya juya. Sakataren ƙungiya mai mutum 500 ba a sallamarsa haka. Daga ɓangaren hukuma kuma, ba sabon gini muke roƙo ba tukuna. A sa ma'aikaci ɗaya a asibitin unguwa daga Magariba zuwa ƙarfe 10, ko da kwana biyu ne a mako, da kuma ranar Lahadi, domin awon jini da suga da sabunta magani.

Kafin a kai can, in za ka yi rajista, tambayi abu huɗu: yaushe katin zai fara aiki, domin akwai lokacin jira bayan biya, waɗanne magunguna ne a ciki, nawa za ka cika daga aljihunka, kuma za a iya sauya maka asibiti in ka tashi daga unguwar. Na'urar awon jini kuwa, mai batir, kwamitin masallacinku zai iya sayen guda a ajiye, a samu ma'aikacin jinya cikin masu sallah ya riƙa aunawa bayan Juma'a, matan Islamiyya su ma a kai musu ranar karatu. In awonka ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, kuma aka sake a wata rana aka ga haka, ka ware yini guda ka je asibiti, ko da cefanen ranar zai zama bashi. In an ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi don kan ya daina ciwo.