Kayan da Ya Fi Ƙarfin Mariƙi

Tun ina yaro a Katsina kakata take nuna mini Kaza da 'Ya'yanta a daren hunturu, muna zaune a tsakar gida. Da muka dawo Croydon sai na rasa taurarin, don fitilun Landan sun cinye su. Bara Auta ta dawo daga makarantar nan ta ce, "Baba, wai Surayya ake ce musu da Larabci?" Na ce haka ne, har na yi mata alkawarin hoton da zan ɗauka da hannuna.

Na sayi madubin hangen nesa na hannu, ƙato, mai kilo 9, a kan kuɗi kaɗan. Mariƙin da nake da shi kuwa, wato ƙafafu uku da ɗan injin da ke juya madubin, kilo 5 aka rubuta masa. Na ce ai ƙarfe ne, zai jure. Ashe araha ba ta ado.

Ga inda matsalar take. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya a idon kyamara. Haskensu kuma kaɗan ne, dole a bar kyamara a buɗe kamar minti guda. A cikin mintin nan injin ne ke bin tauraro sannu a hankali. Idan kaya ya yi masa yawa sai haƙoransa su riƙa zamewa, ko iska ta ɗan kaɗa sai komai ya girgiza.

Dare huɗu muna fita Farthing Downs cikin sanyi. Kowane hoto taurarin kamar an watsa taliya a faranti. Na rataya galan ɗin ruwa a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita, na ƙara wa mariƙin wahala ban sani ba. A dare na huɗu wani kusa ya kwance, madubin ya rinjayo ta inda Auta take tsugune. Da kafaɗa na tare shi. Har muka iso gida hannuna na rawa.

Wata Asabar muka je ɗakin duban taurari na Kenley, wanda ƙungiyar Croydon Astronomical Society take buɗe wa jama'a. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce masu ɗaukar hoto ba sa ɗora wa mariƙi fiye da rabin abin da aka rubuta masa, ko kashi biyu cikin uku in ya yi yawa. Ya ce in ajiye ƙaton, in ɗora kyamarar ita kaɗai da ƙaramin gilashinta.

Na ji kunya, amma na bi maganarsa. Muka ɗauki hoto 40, kowanne daƙiƙa 30, muka haɗa su a kwamfuta. Ga Surayya nan tas. Bayan mako guda muka samo Andromeda, wadda Abdurrahman as-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Hasken da ya shiga kyamararmu ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 2.5.

A hanyar dawowa Auta ta yi barci a mota, jakar makaranta a cinyarta. Na tsaya ina lissafa makonta: boko, lesin uku, ninkaya, Larabci ranar Asabar, ga ni kuma ina fitar da ita da dare. Washegari ni da mamanta muka soke lesin biyu. Larabcin bai shiga cikin waɗanda aka soke ba, ita da kanta ta ce a bar mata.

Hoton Surayya yana manne a bangon ɗakinta, ta rubuta sunan a ƙasa da Hausa da Larabci. Ƙaton madubin yana bayan ƙofa, sai ranar da na tara kuɗin mariƙin da zai iya da shi.