Kalmar Sirri da Haruffa Masu Lanƙwasa

Hausawan unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, waɗanda suka yi suna a ɗinki da cinikin yadi da gashin tsire, mutane ne masu harshe fiye da ɗaya: Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a ofis, Larabci a masallaci. Amma ranar da ɗayansu ya tashi buɗe asusu a intanet, sau da yawa yakan tarar da ƙofar da ba ta san komai ba sai haruffan Ingilishi 26 da lambobi da 'yan alamomi.

A ɗauki misalin wani tela. Wayarsa ta ƙirƙiro masa kalmar sirri doguwa mai ƙarfi, shafin ya ƙi ta, wai ta yi tsawo. Ya haɗa tasa da Hausa, ya sa "ƙ" a ciki, aka ce wannan harafi bai halatta ba. Da ya gaji, sai ya rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa, ya fara da babban baƙi, ya rufe da alamar motsin rai, nan take aka karɓa. Ƙa'idar da aka kafa don tsaro ita ce ta tura shi ga abin da ɓarawo zai fara gwadawa.

Matsalar tana da asali. Tsarin ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, gurabe 128 ne kacal gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. Tsarin Unicode, wanda ya bayyana a 1991, ya ba kowannensu gurbi, sai dai shafuka da dama har yau da tsohon ma'auni suke awo. Hatta alamar da ke jikin "'ya'ya" wasu kan hana ta, domin masu kutse na amfani da ita wajen yaudarar rumbun bayanai. A 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a karɓi haruffan Unicode, a ƙyale kalmar sirri ta kai aƙalla haruffa 64, a kuma daina tilasta cakuɗa alamomi. A shekarar ce kuma Bill Burr, wanda ya rubuta tsohuwar shawarar ta 2003, ya bayyana nadamarsa a kan yawancinta.

Ɗalibin Hausa ya san nauyin lanƙwasa: ita ta raba "ƙafa" da "kafa", ta raba "baƙi" da "baki". A rubutu, jefar da ita kuskure ne babba. A kalmar sirri kuwa, inda na'ura ba ta neman ma'ana, hikima ita ce a kauce mata tun farko; ko shafin ya karɓa, kwamfutar shagon intanet mai jerin haruffan Faransanci ba lalle ta iya fitar da "ƙ" ba, sai mutum ya kulle kansa a waje.

Abin da ya fi shi ne a jera kalmomi huɗu ko biyar marasa lanƙwasa kuma marasa dangantaka, irin su alkama, jirgi, tabarma, hazo, a ƙara lamba idan an buƙata. A guji sanannen karin magana, domin abin da ke bakin kowa ba sirri ba ne. Lanƙwasa kuwa a tsare mata haƙƙinta a wasiƙa da jarrabawa da littafi.